Katako: Najeriya da Nijar na ɗiba daga daji guda

A watan Disamba na shekarar 2025 ne gwamnatin Najeriya ta ba da sanarwar haramta fitar da katako da dangoginsa zuwa ƙasashen waje, ta kuma soke duk wani lasisi da aka riga aka bayar domin wannan sana'a.

Ministan muhalli, Balarabe Abbas Lawal, shi ne ya bayyana hakan a wajen taron majalisar ƙasa kan muhalli da aka yi a Katsina, inda ya ce manufar ita ce a kawo ƙarshen saran itatuwa ba bisa ƙa'ida ba, a kuma ceto abin da ya rage na dazuzzukan ƙasar.

Duk wanda ya ji wannan sanarwa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kwantenonin da ake lodi a tashoshin jiragen ruwa na Legas zuwa ƙasar Sin.

To amma akwai wata ƙasar da ta daɗe tana sayen katakon Najeriya, tun kafin 'yan kasuwar Sin su san hanya, kuma ba ta teku yake isa gare ta ba. Ita ce Jamhuriyar Nijar.

Ga mutanen ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, a gabashin jihar Sakkwato, batun ya shafi aljihunsu kai tsaye. Su ma ba su da dajin katako, kuma hanyar da ke kawo musu shi daga kudu ita ce ke wucewa da saura zuwa Illela da Birnin Konni. Abin da magidanci zai kashe wajen rufin ɗaki a Achida ko Gandi yana da nasaba da abin da ɗan kasuwar Konni ya iya biya.

Abin da ke cikin littattafai

Kowace shekara Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kan tattara alƙaluman katakon da kowace ƙasa ta samar, da wanda ta sayar, da wanda ta shigo da shi.

Hukumar kan raba katakon da aka tsaga gida biyu. Akwai na itatuwan ƙasashen sanyi masu siraran ganye, akwai kuma na itatuwa masu faɗin ganye, irin su maɗaci da loko da kawo, wanda ake kira katako mai ƙwari. Sunan dai bai dace da dukansu ba, tun da har da obeche a ciki, wanda ƙusa ke shiga ba gardama.

Idan aka jera ƙasashen biyu a kan wannan ma'auni, bambancin a fili yake.

Nijar mai saye ce tun daga lokacin da ta sami 'yancin kai a 1960. Ba ta da dajin da za a kafa masana'antar tsaga katako a kansa. A ƙiyasin da FAO ta fitar a 2020, dazuzzukan ƙasar hekta miliyan 1 ne da 'yan kai, wato ƙasa da kashi 1 cikin 100 na faɗinta, alhali a 1990 sun kusa hekta miliyan 2.

A ɗaya ɓangaren kuma, jama'ar ƙasar sun tashi daga kimanin miliyan 3 a lokacin 'yancin kai zuwa sama da miliyan 25. Kowane sabon gida a Yamai ko Tawa ko Maraɗi na buƙatar katakon da ba a ƙasar ya tsiro ba. Ɗaya daga cikin manyan kasuwannin birnin Yamai ma sunanta Katako.

Ita kuwa Najeriya, a rubuce dai, ƙasa ce mai dogaro da kanta. Alƙaluman na nuna tana tsaga kimanin kubik mita miliyan 2 a shekara, kuma abin da take shigowa da shi na katako mai ƙwari bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da wannan adadi.

Sai dai akwai dalilan da za su sa mutum ya yi taka-tsantsan da wannan hoto.

Adadin nan na miliyan 2 ya shafe shekaru masu yawa ana maimaita shi kusan ba canji, a daidai lokacin da jama'ar ƙasar suka haura miliyan 200, birane kuma suka yi ta faɗaɗa. Lambar da ba ta motsi a irin wannan yanayi ƙiyasi ce, ba ƙidaya ba.

Hatta girman dajin kansa ba a tsaya a kan magana guda ba. A rahotonta na 2010, FAO ta ce dazuzzukan Najeriya sun ragu daga hekta miliyan 17 a 1990 zuwa miliyan 9. Shekaru goma bayan haka, da aka sake lissafi, sai ta ce daga miliyan 26 da rabi ne suka koma miliyan 21 da rabi. Abin da rahotannin biyu suka yi tarayya a kai shi ne dajin raguwa yake yi.

Sannan akwai katakon da ke ƙetare iyaka ba tare da ya shiga littafin kowa ba. Binciken da cibiyar nazarin dazuzzuka ta CIFOR ta wallafa a 2011 ya nuna cewa masu yanka da ƙaramin inji a Kamaru na tura katako zuwa Chadi da Najeriya ba tare da hukuma ta ƙirga shi ba. Ke nan Najeriya na saye fiye da yadda take rubutawa, kamar yadda take sayar wa Nijar fiye da abin da ke bi ta gaban jami'an kwastan.

Ƙasar da ta taɓa sayar wa Turai

Ba yau Najeriya ta fara cinikin katako ba. Tun a 1903 Turawan mulkin mallaka suka ɗauko wani jami'i mai suna H. N. Thompson domin ya tsara aikin gandun daji a kudancin ƙasar, daga nan aka yi ta keɓe dazuzzuka har suka kai kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin African Timber and Plywood, wani reshe na UAC, ya kafa babbar masana'anta a garin Sapele da ke jihar Delta ta yanzu. Har yau akwai wani nau'in katako da kafintocin Turai ke kira da sunan wannan gari.

A shekarun 1950 da 1960 katako na cikin kayayyakin da ke samar wa ƙasar kuɗaɗen waje, tare da koko da gyaɗa da manja.

Arzikin man fetur ne ya juya lamarin. Gine-gine suka yawaita a shekarun 1970, buƙatar cikin gida ta haɗiye abin da ake fitarwa, har gwamnati ta hana fitar da gumagumai a 1976.

Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne, dazuzzuka a Najeriya a hannun jihohi suke, ba a hannun gwamnatin tarayya ba. Da aka yi ta ƙirƙiro sababbin jihohi daga 1967, kowace na neman kuɗin shiga, sai gandun daji ya zama wurin da ya fi sauƙin tatsa. Tsarin da Turawa suka bari na cewa sai bayan shekara 100 za a sake komawa sara a wuri guda, an rage shi zuwa 50, daga baya ma ya yi ƙasa da haka.

An dasa gonakin itacen malaina a dazuzzukan Omo da Oluwa, a jihohin Ogun da Ondo, da nufin ciyar da masana'antun takarda. Masana'antun suka durƙushe, malainar kuma ta koma katakon gini. Kafintan da a da ke zaɓen loko ko maɗaci, yau da dama daga cikin aikinsa da irin wannan farin katako yake yi.

Wato ƙarancin shigo da katako da alƙaluma ke nunawa bai nufin Najeriya na da shi a wadace. Jarin da ta gada take ci.

Daga azara zuwa kwano

Shekaru ɗari da suka wuce, babu ruwan mutumin Wurno da katakon kudu.

Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗinsa, inda kuma aka binne shi a 1837, da ƙasa aka gina shi, aka rufe sorayensa da azara. Daga kututturen giginya ake tsago azara, wani lokaci kuma daga goruba, kuma ta giginya na da suna wajen jure wa gara.

Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a kan tazara mai faɗi, shi ya sa magina suka ƙware wajen ɗaurin bakan gizo, suna jera ta gaɓa-gaɓa har a rufe babban zaure ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Amma giginya na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma an sare ta fiye da yadda take tsirowa. Ɗaya daga cikin manyan kurmin giginya da suka rage a wannan yanki a Nijar yake, a kwarin Dallol Mawuri kusa da Gaya, inda hukuma da mutanen ƙauyuka ke sa ido a kan saran.

A gefe guda kuma rufin kwano ya zama abin da kowa ke buri. Ya fi sauƙin ɗorawa, ba ya buƙatar yaɓe duk shekara, sannan alama ce ta cewa mai gida ya samu. Kowane rufin kwano kuwa sai da tu-bai-fo da tu-bai-tu a ƙarƙashinsa.

Ambaliyar watan Satumba na 2010 ta ƙara ingiza wannan sauyi. Ruwan da ya biyo gulbin Rima daga madatsar Goronyo ya rusa dubban gidajen ƙasa a Goronyo da Wurno da wasu ƙananan hukumomin da ke gaba. Wanda ya ga soronsa ya narke a dare ɗaya, da wuya ya sake yarda ya ɗora ƙasa a kansa idan yana da halin sayen kwano.

Daga baya kuma matsalar 'yan bindiga ta zo da nata. Harin da aka kai yankin Gandi na ƙaramar hukumar Rabah a watan Yuli na 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, suna cikin waɗanda suka fi tayar da hankali. Mutanen ƙauyuka da yawa sun koma manyan garuruwa, wasu dubbai kuma daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Duk inda suka sauka, ko a wannan gefen iyaka ko a wancan, sai an kafa rumfa an ɗora rufi.

Ba a rufi kaɗai buƙatar ta tsaya ba. Akwai ƙofofi da tagogi, da bencin makaranta, da gadon amarya, da amalanke. Akwai kuma kwale-kwale, wanda shi ne motar mutanen bakin gulbi da damina.

A watan Agusta na 2025 wani kwale-kwale ɗauke da mutane sama da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Lodi fiye da kima aka fi ɗora wa laifi a irin waɗannan haɗurra, amma tsufan jiragen ma abin dubawa ne. Jirgin ruwa na buƙatar falanki mai faɗi daga itace mai ƙwari wanda ya ƙosa, kuma irinsa ne ya fi kowane wuyar samu a yanzu. Idan sabo ya gagara, sai a ci gaba da toshe tsohon.

Duk wannan katako daga nesa yake zuwa. Daga dazuzzukan Ondo da Edo da Kuros Riba, ko daga jihohin tsakiya irin su Kogi da Neja da Taraba, tirela kan yi tafiyar da wani lokaci ta kusa kilomita dubu kafin ta sauke a 'yan katako na birnin Sakkwato, daga nan ƙananan motoci su rarraba zuwa Achida da Rabah da Goronyo.

Ta fuskar nisa da tsadar sufuri, babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin mai saye a Goronyo da mai saye a Konni, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba. Bambancin kawai shi ne, na ɗaya ana rubuta shi a matsayin cinikin cikin gida, na ɗayan kuma cinikin ƙasa da ƙasa.

Da farashin man dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, su biyun ne suka ji a jikinsu.

Naira da sefa

Inda suka rabu shi ne kuɗin da ke aljihun kowannensu.

A farkon shekarun 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya ta, kayan Najeriya suka yi arha ga mai riƙe da sefa. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi, ciniki ya ɗan juya, amma bai daɗe ba naira ta ci gaba da zamewa.

Sefa dai a ɗaure take da kuɗin euro a kan farashi guda. A 2014 jaka ɗaya ta sefa ba ta wuce naira 300 da wani abu ba. A 2024, bayan gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, jakar nan ta haura naira 2,000.

Ma'anar wannan a kasuwar katako ba ta da wuyar ganewa. Dillalin da ke da tirela guda, da masu saye biyu a gabansa, wanda ya fi tsoka zai sallama wa. Ɗan kasuwar Konni ko Maraɗi na iya ƙara farashi a naira ba tare da ya ji komai a sefa ba, alhali manomin albasa na Wurno da naira ya sayar da amfaninsa, da ita kuma zai saya.

Abin da ya saura ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne katako ɗanye, wanda aka yanka kafin itacen ya ƙosa, aka kuma tsaga shi siriri. Irinsa kan lanƙwashe idan ya bushe, gara kuma ba ta jin kunyarsa ko an shafa masa baƙin mai. Idan guguwar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa da gidaje, ba kullum ne laifin iskar kaɗai ba.

Masu hali sun fara komawa ga ƙarfe, wajen ƙofofi da ma ƙwarangwal ɗin rufi. Shi ma farashinsa da dala yake tafiya.

Shekarun madobiya

Sai kuma ga mai saye na uku, wanda ya fi su duka kuɗi.

Daga wajen 2013 'yan kasuwar ƙasar Sin suka juyo kan madobiya, itacen da ake kira kosso a harkar cinikin, domin yin kujeru da gadaje na alfarma irin na sarakunansu na da. Cikin 'yan shekaru Najeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen tura musu shi. Garuruwa irin su Garba Chede a jihar Taraba suka cika da gumagumai.

Madobiya ba itacen kurmin kudu ba ne. A dazuzzukan tsakiya da na arewa take fitowa, makiyaya na ciyar da dabbobi da ganyenta a lokacin rani, masassaƙa kuma sun daɗe da sanin ƙwarinta.

A farkon 2017 aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta fitar da rahoton da ya yi zargin cewa an shigar da gumagumai kimanin miliyan 1 da dubu 400 ƙasar Sin, waɗanda darajarsu ta kai dala miliyan 300, da takardun izinin da aka sanya wa hannu bayan kayan sun riga sun bar Najeriya. Amina Mohammed, wadda ita ce ministar muhalli a lokacin da ake magana a kai, ta musanta aikata ba daidai ba.

A ƙarshen 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya. A taronta na Panama a 2022 kuma ta ƙara da maɗaci da kawo na Afirka cikin jerin.

Waɗannan su ne itatuwan da arewa za ta iya dogara da su a kusa da gida. An kwashe mafi kyawunsu cikin ƙasa da shekaru goma, kuma ba a Sakkwato ko Tawa aka yi amfani da su ba.

Rufe iyaka

Sau biyu a 'yan shekarun nan aka gwada raba kasuwannin ƙasashen biyu da ƙarfin hukuma.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Sannan bayan juyin mulkin da sojoji suka yi wa Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe Illela da sauran mashigai har zuwa watan Maris na 2024.

A duka lokutan biyu shinkafa da man fetur ba su daina ratsawa ta ɓarauniyar hanya ba. Iyakar ƙasashen ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma a wurare da yawa gona ce ke haɗe da gona. Katako ya fi buhun shinkafa wuyar ɓoyewa, amma abin da hakan ke haifarwa shi ne ƙarin kuɗin hanya.

Nijar na da wasu ƙofofin. Tana sayen katako da falanki daga Gana da Kodebuwa ta cikin Burkina Faso, da kuma ta Benin. Kasuwar Techiman a Gana ta daɗe tana lodi zuwa ƙasashen Sahel.

Sai dai waɗannan hanyoyi sun ƙuntata. Ko bayan ECOWAS ta janye takunkumin, hukumomin Yamai sun bar gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville a rufe saboda saɓaninsu da Benin. Hanyar Burkina kuwa, ta Dori da Tera, sai da rakiyar sojoji manyan motoci suka riƙa bin ta. A irin wannan hali, babu wani dajin da ya fi kusa da jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram kamar na Najeriya.

Abin da Nijar ta raya

Akwai fannin da Nijar ta sha gaban maƙwabciyarta, duk da cewa ba ya fitowa a alƙaluman katako.

Tun daga 1983, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma da su daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su riƙa sassabe su suna barin reshe ɗaya ko biyu su girma. Da dokokin ƙasar suka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne, sai abin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, galibinsu gawo da ire-irensa.

A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, wanda ruwansa ke gangarowa zuwa tafkin Kalmalo kusa da Illela, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 domin tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. Daga baya mutanen ƙauyukan suka riƙa saran rassan suna sayarwa a matsayin sandunan gini.

Gawo da dogon yaro ba za su maye gurbin loko ba. Amma sun ba talakan karkara itacen girki da sandar rumfa da dirkar ɗaki, sun rage abin da dole sai ya saya daga kudu.

A gabashin Sakkwato ƙasar iri ɗaya ce, ruwan saman ma kusan ɗaya. Jihar na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015. To amma gandun dajin Gundumi, wanda ya ratsa tsakanin Rabah da Isa, ya yi shekaru yana zaman maɓoyar 'yan bindiga. Dajin da ma'aikacin gandun daji ba ya iya shiga, ba a maganar dasa shi ko kula da shi.

Ina dokar za ta tsaya?

Wannan ba shi ne karo na farko da Najeriya ta hana fitar da katako ba. An sha hanawa ana sassautawa, na baya-bayan nan shi ne sassaucin da aka yi a farkon 2023 ga katakon da aka sarrafa da kuma gawayi.

Idan aka aiwatar da sabuwar dokar a tashoshin jiragen ruwa da gaske, za a iya samun ƙarin katako a kasuwannin cikin gida, kuma wani abu daga ciki zai iso arewa. Amma izinin sara a hannun gwamnatocin jihohi yake, kuma babban mai cin dajin Najeriya a yau shi ne buƙatar 'yan Najeriya kansu, ta gini da gawayi da sababbin gonaki. Hana fitarwa bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ƙasashe da dama da suka ƙarar da dazuzzukansu sun koma saye daga waje. Tailan da Filifin, waɗanda a da suke sayar wa duniya katako, yanzu masu shigowa da shi ne. Najeriya ta daɗe tana jinkirta wannan rana. A 2015 Babban Bankin ƙasar ya sanya falanki da ƙofofin katako cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dala a farashin hukuma, bai kuma janye ba sai a watan Oktoba na 2023. Ko da an buɗe ƙofar gaba ɗaya, katakon da aka saya da dala aka sauke a Legas ba na mai rufin ɗaki biyu a Goronyo ba ne.

Game da Nijar kuma, fitarwa fitarwa ce, ko ta Apapa ko ta Illela. Idan aka tsaurara a kan iyaka, mai saye a Wurno zai ɗan sami sauƙin gogayya da mai sefa, amma dillalai da direbobi da 'yan dako na Sakkwato da Illela, waɗanda ke cin abinci a wannan hanya, su ne za su fara asara. Idan kuma aka kawar da kai, cinikin zai ci gaba kamar da, sai dai ya ƙara nisa da littafin kwastan.

Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025, tare da Mali da Burkina Faso, don haka babu sauran teburin ƙungiyar da za a kai irin wannan magana. Abin da ya rage shi ne hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, wadda kuma ministocin harkokin wajensu suka amince a farfaɗo da ita lokacin da suka gana a watan Afrilu na 2025.